Yadda "there" ta tashi daga "can" ta koma "akwai"

Cikin kalmomin da yaro ke fara cin karo da su idan ya shiga kwaleji ya buɗe littafin Ingilishi, akwai wata ƴar gajera mai haruffa biyar, "there". Mushe zai rubuta ta a allo, ya ce ma'anarta "là" ko "là-bas", yara su kwafe. Bayan sati biyu ko uku sai ta sake ɓullowa cikin "there is" da "there are", a ce musu wannan kuma "il y a" ne. Da wuya a samu wanda zai tsaya ya faɗa musu abin da ya haɗa nuna wuri da faɗin samuwar abu, har kalma ɗaya ta ɗauki kayan biyu. Haka da yawansu ke kaiwa ajin jarrabawar BEPC suna rubuta "I am there" alhali suna nufin "ga ni nan", ko "there are two years" alhali suna nufin shekara biyu da suka wuce.

Ingilishi nake koyarwa, kuma abin da na lura shi ne yawancin wannan ruɗani daga hanyar da muke bi da yaran yake tasowa. Muna ɗaukar yaron da ya tashi da Hausa, mu ratsa da shi ta Faransanci, sannan mu sauke shi a Ingilishi. A kan wannan kalma kuwa Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, musamman Ingilishin mutanen da. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, zancen ya wuce na masu sha'awar nahawu kaɗai. Ƴaƴanmu za su buƙaci harshen nan, kuma ƙananan kalmomi irin wannan su ne ke tona asirin mai rubutu.

Ingilishi baƙo ne a tsibirin Birtaniya. A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa wasu ƙabilu suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak, waɗanda tarihi ya sani da Angul da Sakson da Jut. Daga sunan na farkon aka samu sunan ƙasar Ingila da na harshen. Cikin kayan bakin da suka zo da su akwai kalmarmu, wadda malaman lokacin suka rubuta "þær". Harafin farkon nan, þ, babu shi a baƙaƙen Latin. Sun gado shi daga wani tsohon rubutu da kakanninsu ke sassaƙawa a dutse da itace, kuma sunansa "thorn", wato ƙaya. Ƴan uwan kalmar suna nan da ransu a harsunan dangi: mutanen Holan na cewa "daar", Jamusawa na cewa "da", mutanen Aisland kuwa har gobe "þar" suke rubutawa, da ƙayarsu da komai.

Ba ita kaɗai ta zo ba, da zuri'arta ta zo. Duk wanda ya duba da kyau zai ga kalmomin nuni na Ingilishi da sauti ɗaya suke farawa: the, this, that, then, there. Na tambaya kuma da wani: what, when, where. A tsohon rubutu "hw" ake sa musu, shi ya sa "where" ta kasance "hwær". Haka mu ma muke da wannan, wancan, wane. Yaron da aka nuna wa wannan jerin sau ɗaya ya daina ganin kalmomin kamar tsakuwa da aka watsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen da suka raba aikin wuri gida uku. In abu yana zaune a wuri, sai su ce here, there, where. In tafiya ake yi zuwa wurin, sai kalmomin su canza su zama hither, thither, whither. In kuwa daga wurin aka taso, sai a ce hence, thence, whence. Kalmomi tara ke nan, kowace da aikinta. Ba Ingilishe na ƙarni na 16 ba zai ce wa yaro ya zo "here" kamar yadda ake yi yau, "hither" zai fi zuwa bakinsa, kuma in yana tambayar baƙo daga ina, kalma ɗaya ta ishe shi, "whence". Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, cike take da su, haka wasannin Shekspiya.

To, mu Hausawa wannan bambanci ba baƙonmu ba ne, sai dai mu a jikin aikatau muke maƙala shi. Muna cewa kai da kawo, fita da fito, shiga da shigo, koma da komo. Wannan ƴar "o" ta ƙarshe ita ke nuna cewa tafiyar wajen mai magana ta nufo, aikin da "hither" ke yi ke nan. Ƴar shekara huɗu a Tawa ko Damagaram ba ta taɓa cewa "kai mini ruwa nan" in tana son a miƙo mata. Ilimin da Ingilishi ya zubar a hanya, yaranmu da shi suke zuwa lakwal.

Don kuwa ya zubar da shi. Sannu a hankali here da there da where suka cinye aikin sauran shidan, ana taimaka musu da "to" da "from" in an so a fayyace. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 maganar yau da kullum ta rabu da su, suka koma kayan littafi da wa'azi. Abin da ya saura ɓurɓushi ne: "hither and thither" ga mai kai da komo ba alkibla, "hitherto" mai nufin har zuwa yanzu, sai "hence", wadda ta tsira saboda ta sauya sana'a. Da ma'anarta "daga nan", yau ta koma "saboda haka". Kada wannan ya ba kowa mamaki. Mu ma in mai labari ya ce "daga nan sai sarki ya fusata", ba wani wuri yake nunawa da yatsa ba.

Akwai kuma wata da aka bari a baya, "yonder", mai nuna abin da ya fi "there" nisa. Ana jin ta har yanzu a bakin mutanen karkara a arewacin Ingila da kudancin Amurka, ƴar uwarta "yon" kuma a Sikotilan, kuma saiwarta na cikin "beyond" da kowa ke amfani da ita. Amma a daidaitaccen Ingilishi, matakai biyu kaɗai suka rage.

Nan ne Hausa ta yi musu fintinkau, domin mu matakai huɗu gare mu, ko da yake boko na nuna biyu kawai. Ku faɗi waɗannan da ƙarfi ku saurari muryarku. "Zo nan": murya ta hau ta sauko, wurin kuma inda nake ne. "Tsaya nan inda kake": murya ta tsaya a sama, wurin kuma naka ne, ba nawa ba. "Ga shi can gindin bishiya": murya ta hau ta sauko, abin ya yi mana nisa mu biyu amma ido na ganinsa. "Yana can Makka": murya a sama, wurin ya ɓace wa ido. Masana irin su Philip Jaggar da Malami Buba sun yi rubutu a kan wannan tun 1994, Paul Newman ma ya kawo shi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, amma kowace tsohuwa a Maraɗi tana aiki da shi ba tare da ta san sunansa ba.

Ga amfanin wannan a aji. "Here" ta ɗauki mataki na farko kaɗai, wurin mai magana. Sauran ukun duka "there" ce. Shi ya sa in ka buga waya gida kana tambaya "Baba yana nan?", da Ingilishi "Is Baba there?" za ka ce, domin "nan" ɗin taka ta wurin mai sauraro ce. In aka kira sunanka a aji kuwa, "here" za ka amsa. Faransanci ne ke ɓata wannan lissafi, domin a bakin Faransawa "là" ta daɗe da shiga gonar "ici". Mutum na tsaye gabanka zai ce "je suis là". Yaro ya riga ya haddace cewa "là" ita ce "there", sai ya juya kai tsaye ya ce "I am there", wato ya kori kansa daga inda yake tsaye.

Mu koma Ingila. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka. Dubban kalmomi suka kwararo cikin Ingilishi, na shari'a da mulki da abinci da tufafi. Amma "there" ko gezau. Harshe kan ari sunan kaya cikin sauƙi, da wuya ya ari yatsan da yake nuni da shi. Mun karɓi littafi daga Larabci, mota daga Ingilishi, lakwal daga Faransanci, amma babu wanda ya taɓa ba mu aron nan da can.

Abin da ya same ta daga wani gefe ya zo. Tun ƙarni na 9 mayaƙan teku na ƙasashen arewa, waɗanda ake kira Viking, suka zauna a arewa da gabashin Ingila, suka auri mutanen wurin, harsuna suka gauraya. Daga bakinsu Ingilishi ya samu they, them da their, waɗanda suka ture tsofaffin kalmomin gida masu farawa da "h". Turewar ta ɗauki ƙarnuka tana gangarowa daga arewa. Chaucer, mawallafin Landan da ya rasu a 1400, yana rubuta "they", amma wajen "nasu" da "su" tsofaffin yake amfani da su, "hir" da "hem". Da "their" ta gama zama, sai furucinta ya zo ya yi daidai da na "there", daga baya "they're" ta shigo ta cika uku. Wannan ita ce asalin wahalar da har ƴaƴan Ingilawa ke sha a rubutu. Ga yaranmu dabara ɗaya ta isa: a cikin "there" akwai "here" a kwance, a cikin "where" ma haka, duka ukun na wuri ne.

Ita kuwa ƙaya, "th" ta fara ture ta tun a rubutun hannu, sai injin ɗab'i ya ƙarasa ta. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, kuma baƙaƙen ƙarfen da masu ɗab'i ke aiki da su daga ƙasashen Turai na ƙetaren teku ake samo su, inda ba a san þ ba. Wasu suka riƙa sa "y" a madadinta saboda kama, abin da ya sa ake ganin "ye" a allunan shagunan da ke son nuna tsufa, alhali "the" ce. Mu da muka sha fama da keken rubutu da waya marasa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, mun san yadda na'ura ke kashe harafi.

Saura babbar tambaya: ta yaya kalmar nuna wuri ta koma "akwai"? Alamun wannan aiki sun bayyana tun a tsohon Ingilishi, amma a tsakanin ƙarni na 12 da na 15 ya kafu sosai, kuma dalilin yana cikin ginin jimla. Tsohon Ingilishi yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen suna masu nuna wa ya yi, wa aka yi wa, don haka kalmomi na iya sauya wuri ba tare da ma'ana ta ɓace ba. Da ɗafe-ɗafen suka zube, sai tsari ya ɗauki aikin: mai aiki a gaba, aikatau a bayansa, kuma kujerar gaban nan ba a barin ta wayam. To in kana son shigo da sabon abu cikin zance, wanda mai sauraro bai san da shi ba, ba ka so ka fara da shi. Kana so ka share fage tukuna. Sai "there" ta zauna a kujerar gaba ta riƙe wuri, ainihin abin ya biyo bayan aikatau. Irin aikin da "it" ke yi ke nan a "it is raining", da "il" a "il pleut". Mu namu "ana ruwa" ne, ba mu damu da wa ke yin ruwan ba. An ma daɗe ana amfani da "it" wajen faɗin samuwa, kuma har yau a Ingilishin baƙaƙen fatar Amurka da na wasu yankunan kudancin ƙasar ana jin "it's" inda littafi zai ce "there's".

Da ta zauna a wannan kujera sai ta rasa ma'anar wuri gaba ɗaya, ta kuma rasa nauyinta a baki. Shaidar tana cikin jimla kamar "There is a book here", inda "can" da "nan" za su yi karo da a ce ta farkon tana nuna wuri. Ko "There is nobody there", inda ta fito sau biyu: ta farko a gaggauce ake faɗinta, kusan a haɗiye, ta biyu kuwa a ja ta a danna. A rubuce ɗaya, a baki biyu, kamar dai "nan" ɗinmu.

Wannan hanya ba Ingilishi kaɗai ya bi ta ba. Ƴar "y" da ke tsakiyar "il y a" kalmar wuri ce, ita ce ta "j'y vais". Wanda ya yi karatun Larabci ya san "hunaka" na nufin can, kuma a Larabcin jaridu tana nufin akwai. Mu ma mun taka rabin hanyar. In aka tambaye ka labarin wani tsoho ka ce "yana nan", ba ka nufin yana cikin ɗakin, kana nufin yana raye. "Maganar tana nan" na nufin ba ta mutu ba. Har tatsuniya da "ga ta nan, ga ta nanku" muke buɗe ta, kamar yadda Ingilawa ke buɗe tasu da "there was once". Hankalin ɗan Adam ne ke ganin cewa abin da yake akwai, a wani wuri yake.

Inda Hausa ba za ta cece mu ba shi ne wajen jam'i. "Akwai" ba ta canzawa, akwai yaro, akwai yara, "il y a" ma haka. Ingilishi kuwa yana tilasta wa aikatau ya dubi abin da ke bayansa: "there is a child", "there are children". Gaskiya ne Ingilawa da kansu a hira suna cewa "there's two men outside" ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, kuma yaran da ke kallon finafinai za su ji haka su zo su yi gardama. Ina gaya musu sun ji daidai, amma mai gyaran takardar jarrabawa jan biro zai sa. Shi kuma "il y a deux ans" ba ruwansa da "there" ko kaɗan, "two years ago" ne, kuma yaron da ya fara tunani da "shekara biyu da suka wuce" ba ya faɗawa wannan rami, don a Hausa ma adadin ne ke gaba.

Karin maganar da aka gina da ita suna da yawa, kuma mafi yawansu suna da abokan tafiya a wajenmu. "Here and there" nan da can ne. "There and then" nan take ne, inda wuri ya koma lokaci a harsunan biyu. "There you are" da "there you go" ana faɗinsu in an miƙa wa mutum abu, wato ga shi, ko in magana ta tabbata, wato ka gani ko, shi ke nan. In aka ce zance "neither here nor there" ne, ana nufin bai taɓa komai ba cikin abin da ake tattaunawa. Uwa mai rarrashin yaro na cewa "there, there", daidai da yi shiru, ya isa. Wanda ya ce "I have been there" ba lallai tafiya yake ba da labari ba, yana iya nufin shi ma ya ɗanɗana irin wannan wahala. "We will get there" na nufin za mu kai ga gaci. Ɗaya ce nake gargaɗin manyan ɗalibai a kanta: in aka ce mutum "is not all there", ana nufin kansa da motsi. Wanda ya so ya ce shugaban makaranta ba ya nan duk yini, ya kiyayi wannan jimla.

Akwai wani rukuni da iyaye ƴan kasuwa za su fi cin karo da shi fiye da ƴaƴansu. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar yarjejeniya ko ta banki daga Katsina ko Kano ya ga kalmomi irin su thereof, therein, thereby, thereafter, thereto. Suna da ban tsoro a ido, amma gininsu sauƙi gare shi, kuma tsoho ne ƙwarai, irin wanda Jamusanci ke yi har yau a "darin" da "dafür". A cikinsu "there" na nufin "wannan abin da aka ambata", sai a karanta daga baya zuwa gaba. "Therein" a cikinsa, "thereof" nasa, "thereby" ta hanyarsa, "thereafter" bayansa. "Therefore" da ɗalibai ke zubawa a kowane sakin layi ita ma ƴar gidan ce, ma'anarta ta asali "don wannan". Lauyoyi sun riƙe su ne domin suna hana maimaita dogon suna, kuma lauya ba ya son sauya kalmar da kotu ta riga ta san fassararta. In takarda ta ce kuɗin haya da "interest thereon", to ruwan da ke kan kuɗin nan ake nufi, kuma gara a gane haka kafin a sa hannu.